Fadar Topkapi: Ƙofofi Sun Fi Lu'ulu'u Bayani

Yau za mu leƙa birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda ba baƙo ba ne a kunnen mutanenmu. 'Yan kasuwa na zuwa saro abayoyi da takalma da kayan ɗaki, ɗalibai na zuwa karatu, wasu kuma jirgi ne ke ajiye su can na 'yan sa'o'i kafin su wuce. A kan wani tudu da ke kallon mashigin ruwan Bosforus da tekun Marmara akwai Fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400. Usmaniyyar Turkawa nake nufi, kada a haɗa ta da ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sarki Muhammadu na Biyu, wanda ya ci birnin da yaƙi a 1453, shi ya fara gina ta wajajen 1459, kuma tun 1924 ta zama gidan tarihi da miliyoyin mutane ke shiga kowace shekara. Abin da akasarinsu ke yi sananne ne: su yanki tikiti, su zarce ɗakin dukiya, su bi dogon layi don ganin wani ƙaton lu'ulu'u da wata wuƙa mai zumurrudu, su ɗauki hoto a baranda mai kallon ruwa, su kama gabansu. A ganina wanda ya yi haka ya biya kuɗin shiga ya bar abin da ya biya dominsa. Babban abin kallo a fada irin wannan shi ne ginin kansa, da ƙofofinsa, da sanin wa aka yarda ya wuce kowace ƙofa, wa kuma aka tsayar. Zinariya arzikin sarki kawai take faɗa maka. Tsarin gidan shi ke faɗa maka yadda ya yi mulki, da abin da yake tsoro, da waɗanda suka ɗauki nauyinsa.

Mu fara daga waje. Topkapi ba dogon bene guda ba ce irin fadojin sarakunan Turai. Farfajiyoyi huɗu ne a jere, kowace da ƙofarta, gine-ginen kuma gajeru ne, a warwatse cikin itatuwa. Farfajiyar farko, bayan ƙofar da ake kira Babi Humayun, kusan kowa na iya shigarta, daga mai kawo ƙara har mai kawo itacen girki. Nan aka ajiye gidan buga kuɗi da gidan burodi da asibiti, da wata tsohuwar cocin Rumawa da aka mai da ita rumbun makamai. A ƙofa ta biyu, Babus Salam, sai doka ta canja. Kowa ya iso nan sai ya sauka daga kan dokinsa, har Babban Waziri, domin sarki kaɗai ke ratsa ta a haye. Kusa da ita akwai wani famfon dutse da ake cewa nan hauni ke wanke takobinsa idan ya gama aikinsa, kuma a wannan farfajiyar ake baje kan babban da ya yi laifi don na baya su gani. Yau ɗan yawon buɗe ido yakan ratsa wannan ƙofa yana duba wayarsa, na'urar tantance tikiti kawai ke tsayar da shi. Da zai dakata minti ɗaya ya tuna cewa manyan hakimai da kwamandoji sun ratsa ta a ƙasa, ba su da tabbacin za su fito da muƙaminsu ko ma da ransu, da sauran ziyarar ta canja masa fuska.

Farfajiya ta biyu ita ce wurin gudanar da mulki, kuma a nan nake so mu daɗe. A hagu akwai zauren majalisa da ake kira Diwan, ƙarƙashin wata doguwar hasumiya da suka sa wa suna Hasumiyar Adalci. A ƙarni na 16 waziran daula da manyan alƙalai da ma'aji suna zama a nan kwana huɗu a mako, daga Asabar zuwa Talata, suna sauraron ƙararraki, suna yanke shawarar haraji da yaƙi. Sarki ba ya cikinsu. Tun zamanin Muhammadu na Biyu sarakuna suka daina shugabantar zaman da kansu. Maimakon haka sai aka huda wata taga mai raga a bango, daidai saman mazaunin Babban Waziri, aka sa mata labule. Sarki na iya biyowa ta cikin gida ya zauna a bayanta ya kasa kunne, yana iya kuma ƙin zuwa, kuma ba wanda ya san ko yana nan ko ba ya nan. Ke nan dole kowace magana a yi ta kamar yana ji. Wannan 'yar taga, wadda mutane da yawa ke wucewa ba su ɗaga kai sun gan ta ba, ta fi duk ɗakin dukiya bayyana dabarar wannan sarauta: a mulki mutane da ɓuya, a sa su tsare kansu da kansu. Shiru ma makami ne a nan. Jakadun Turai da suka zo sun rubuta mamakinsu na ganin dubban sojoji a tsaye a farfajiyar nan ba ka jin ko tari, a can ciki kuma har maganar hannu irin ta bebaye fadawa suka koya, don kada murya ta tashi kusa da sarki.

A dama kuma, doguwar madafa ce mai jerin bututun hayaƙi da ake hangowa tun daga kan ruwa, wadda shahararren maginin nan Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574. Ɗaruruwan masu girki ne ke dafa wa dubban mutane abinci a cikinta kullum. Yanzu an jera tangaran ɗin Sin a wurin, sama da guda 10,000, ciki har da wasu koraye da aka yi imani suna canja launi idan an zuba guba a abinci. Ko da wannan imani bai da tushe, ya nuna da wane irin tunani ake zama a ci abinci a gidan. Amma madafar tana da wani aiki da ya wuce cika ciki. Duk bayan wata uku ana tara sojojin sarki da ake kira Janisari a biya su albashi a wannan farfajiya, kuma da gangan akan gayyato jakadun ƙasashe a ranar don su ga buhunan kuɗi da yawan mayaƙa. Sai a jera musu kwanonin abinci. In sun ruga sun ci, an zauna lafiya. In sun tsaya sun ƙi taɓawa, to kowa ya san akwai magana, kuma ba ƙaramar magana ba, domin sojojin nan ne suka tuɓe Sarki Usmanu na Biyu a 1622, aka kuma kashe shi. Ashe mai sa kowa shiru, shi ma yana leƙen ko an ci tuwonsa.

Ƙofa ta uku, Babus Sa'ada, ita ce iyakar baƙo. Da ka ratsa ta, maimakon fili, sai ka ci karo da bangon ɗakin ganawa, wanda aka gina daf da ƙofar don ya tare ido daga ganin ciki. Nan ake shigo da jakada, dogarai biyu riƙe da hannayensa, ya yi gaisuwa, ya faɗi saƙonsa, sau da yawa sarki bai ce masa uffan ba. Wannan daula ce Mai Idris Alooma na Borno ya aika wa manzanni a shekarun 1570, zamanin Sarki Muradu na Uku, kan batun tsaron hanyar alhazai da fatake da kuma rikicin yankin Fezzan, kuma kwafin amsar da aka ba shi na nan cikin tsofaffin takardun daula a Istanbul. Babban Wazirin lokacin, Sokollu Muhammad Pasha, ɗan wani ƙauye ne a Bosniya da aka ɗauko yana yaro daga gidan Kirista, ƙarƙashin tsarin da daular ke karɓar yara maza daga ƙasashen Balkan, ta musuluntar da su, ta horar da su. Waɗanda suka fi hazaƙa a cikinsu a wannan farfajiya ta uku suke karatu, a makarantar fada, su fito gwamnoni da wazirai. Sokollu ya riƙe waziranci daga 1565 zuwa 1579, ya yi wa sarakuna uku aiki. Dalilin tsarin a fili yake: wanda aka raba da danginsa ba shi da kowa sai sarki, don haka ba ya da gidan da zai gina ya yi gogayya da gidan sarauta.

Bahaushe na da riba a nan wadda baƙi da yawa ba su da ita, domin ya tashi a gidan da ake karantawa ta haka. Ya san zaure, inda kowa ke iya yin sallama. Ya san shigifa, inda sai na jiki. Ya san cikin gida da turaka, inda ko aboki ba ya kaiwa. Ya san kuma cewa inda aka tsayar da mutum shi ke nuna matsayinsa a wurin maigida. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, zamani ɗaya ya yi da mai gina Topkapi, shi ma ya gina sabuwar fada mai soraye a jere, ya kuma ba babanni muƙamai. Ba ina cewa ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne idon da ya saba da fadar Kano ko ta Damagaram a shirye yake ya gane Topkapi, in dai mai idon bai bari ƙyalƙyali ya ɗauke masa hankali ba.

Sai cikin gida, wato sashen mata, mai ɗakuna sama da 300, wanda fina-finan Turkiyya masu dogon zango suka cika wa mutane kai da shi a matsayin dandalin soyayya da kishi. Wanda ya shiga da ƙafarsa zai ga wani abu dabam. Akwai ɗakunan sarki masu ado da fale-falen tangaran shuɗi da kore, gaskiya ne, amma kafin ka kai gare su sai ka bi ta lunguna matsattsu masu duhu, da ɗakunan kwanan kuyangi, da na masu gadi. Sashen mahaifiyar sarki, Mai Babban Ɗaki a faɗarmu, shi ke tsakanin sashen ƙwaraƙwarai da na sarki, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka a hannun wa ragamar gidan take. Masu gadin kuwa babanni ne baƙar fata da aka kamo suna yara daga Habasha da Sudan da ƙasashen da ke kusa, aka dandaƙe su, aka sayar. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Bashir Agha, ya shugabanci babannin daga 1717 har rasuwarsa a 1746, yana kula da waƙafofin Makka da Madina, ana naɗa wazirai da tuɓe su da saninsa, ya bar masallaci da ɗakin karatu a Istanbul. Ɗaukakarsa gaskiya ce, abin da aka yi masa yana yaro shi ma gaskiya ne, kuma ɗan Afirka da ya wuce ƙofar ɗakunan nan bai tsaya ba ya wuce tarihin da ya fi shafarsa a duk fadar. A fadar nan ne kuma aka shaƙe 'yan'uwan Sarki Muhammadu na Uku su 19 da ya hau gado a 1595. Daga baya aka sassauta, aka koma kulle 'ya'yan sarauta a wasu ɗakuna, inda Sulaimanu na Biyu ya shafe kusan shekara 40 kafin a fito da shi a naɗa shi a 1687.

Ban hana kowa shiga ɗakin dukiya ba. Amma ko wuƙar nan mai manyan zumurrudu uku, labarinta ya fi ta armashi. Sarki Mahmudu na Ɗaya ne ya sa aka ƙera ta kyauta ga Nadir Shah na Farisa, manzanni na kan hanya a 1747 suka ji an kashe Nadir, suka juyo da ita gida. Lu'ulu'un kuwa karat 86 ne, ka gan shi ka ce masha Allah, shi ke nan.

To, akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce: me ya kai mutum biyan kuɗi don ya kalli gidan da aka gina da harajin talakawa da ganimar yaƙi da gumin bayi? Ashe ba taya sarakuna alfahari ake yi ba bayan sun mutu? Wannan zargi ya hau kan mai zuwa ɗakin dukiya kaɗai, domin shi abin da sarki ya so a gani kawai ya gani. Wanda ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya shiga madafa, ya leƙa ɗakunan babanni, ya ga abin da sarakunan suka kashe dukiya don ɓoyewa. Littafin da marubucin fada ya rubuta yana iya tsallake kuyanga, amma gini ba ya iya tsallake ta, tunda dole a yi mata wurin kwana, wurin kuma yana nan da faɗinsa da tsawonsa kusa da na uwargijiyarta. Sai dai in yarda da abu guda: manomin Anatoliya ko na Masar da ya biya harajin ba shi da ɗaki a Topkapi, kuma ba allon bayanin da zai cike wannan gurbi. Shi sai dai mai ziyara ya tuna da shi da kansa.

Na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa addini. A farfajiya ta uku akwai ɗakin da ake ajiye abin da Turkawa ke kira amanoni masu tsarki, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salimu na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai mayafin da aka ce shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Ka'abu ɗan Zuhairu, da takubba da baka da gashi da ake danganta masa, da takubban sahabbai, har da sandar da aka ce ta Annabi Musa ce. Ana karanta Alƙur'ani a wurin dare da rana. Wani zai ce duk wannan ba shi da isnadi, shiga ma buɗe ƙofar bidi'a ce. Wani kuma zai ce wannan ɗaki shi kaɗai ne dalilin zuwa, sauran duk shagala ce. Ba aikin wannan shiri ba ne ya yanke hukuncin da malamai suka saɓa a kansa. Abin da za a iya faɗa shi ne kayan ba matsayinsu ɗaya ba. Tsofaffin makullan Ka'aba da mabuɗansu da indararonta suna ɗauke da rubutu da sunayen sarakunan da suka sa aka yi su, tarihinsu a bayyane yake. Wasiƙar da aka ce ita Annabi ya aika wa Muƙauƙis na Masar sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka gano ta, kuma masana na jayayya a kanta. Sandar Annabi Musa kuwa, danganta ta kawai aka yi. Mai hankali zai shiga da ladabi, ya bambance tsakanin waɗannan. Kuma ko wanda bai gamsu da ingancin ko ɗaya ba, akwai abin da zai koya daga inda aka ajiye su: a ɗakin sarki na kansa, can ƙurya bayan ƙofa ta uku, inda a da kowace shekara ranar 15 ga Ramadan sarki ke jagorantar manyan daula su ziyarci mayafin. Sarautar da ke da'awar halifanci da hidimar Harami biyu ta ajiye hujjarta kusa da matashinta. Wannan ma karatun gini ne.

Na uku zai ce mai da fada gidan kallo wulaƙanci ne, kuma da manufa aka yi shi. Rabin maganarsa gaskiya ce. An soke sarautar a 1922, aka soke halifanci a watan Maris na 1924, wata guda bayan haka gwamnatin jamhuriya ta Mustafa Kamal Ataturk ta mai da Topkapi gidan tarihi. Saƙon a fili yake, cewa wannan zamani ya wuce, wurinsa yanzu bayan gilashi. Sai dai ba jamhuriya ce ta fara juya wa fadar baya ba. Sarakunan ne da kansu suka tashi, lokacin da Abdulmajid ya koma sabuwar Fadar Dolmabahce a 1856, ƙaton gini irin na Turai a bakin ruwa, a daidai shekarun da daular ta fara cin bashin ƙasashen waje, bashin da ta kasa biya a 1875. Da jamhuriya ta zo, Topkapi ta yi kusan shekara 70 ba sarki a cikinta, sassa da yawa sun lalace. Zama gidan tarihi shi ya kawo gyara da ƙididdige kaya, kuma cikin wannan aikin ne a 1929 aka ci karo da taswirar da wani mai suna Piri Reis ya zana a 1513, wadda ke nuna gaɓar yammacin Afirka da ta Kudancin Amurka. Fadar da sarki ke ciki tana da kwarjinin da gidan tarihi ba zai taɓa samu ba, wanda ya ga hawan Sallah a ƙofar Gidan Rumfa ya san haka. Amma fada mai rai dole ta tsayar da kai a zaure. Sai wadda masu ita suka tashi ce ke barin talaka ya kai turaka, ya ga abin da kakanninsa ko a mafarki ba za su gani ba.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, a sani ana rufe fadar ranar Talata. A yi sammako, domin da rana ta ɗaga layi yakan yi tsawo, a kuma ware aƙalla rabin yini, a sa takalmin da ba ya cin ƙafa saboda duwatsun daɓe. A ɗakin amanoni ana son suturar mutunci, ba a kuma ɗaukar hoto. A bi farfajiyoyin yadda aka jera su, kada a tsallake madafa, kada a tsallake cikin gida ko da gajiya ta zo, a Diwan kuma a ɗaga kai a nemi tagar nan. Wanda ke da sauran ƙarfi ya ƙarasa farfajiya ta huɗu, inda Muradu na Huɗu ya gina wani ɗan ƙayataccen ɗaki bayan ya ci Bagadaza a 1638.